Yawon Mashaya a Bamberg: Malam, Ajiye Sandar Tukuna

A birnin Bamberg na ƙasar Jamus, mutum kan biya kuɗinsa a haɗa shi da ɗan jagora, su kama zaga gari a ƙafa daga wannan gidan giya zuwa wancan, ana kurɓa ana ba shi tarihi. Sana'a ce sananniya, ofishin yawon buɗe ido na garin ma da kansa yake tallarta. A kanta zan yi magana yau, kuma tun ban rufe baki ba na ji a'uziyya ta tashi daga Sakkwato har Damagaram.

Malam, ajiye sandar tukuna. Na ga ka tsayar da jan carbi kana dubana ta saman tabarau. Hukuncin giya a wurinmu ba ya cikin abin da ake ja-in-ja a kansa. Ba na sha, ban ce kowa ya sha ba, wanda kuma ya karanta wannan shafi ya je ya sha, ya nemi wanda zai ɗora wa, ni dai ban aike shi ba. Amma kai ɗin nan da kake hararata, jiya har dare ya raba kana manne da rediyo kana jin yadda ake gwabza yaƙi a ƙasar da ba ka san gabas take ko yamma ba, ban kuwa ji an ce ka wayi gari soja ba. Labarin mashaya ma ba ya bugar da mai sauraro.

Hajiya, ke ma na ji abin da kika faɗa ƙasa-ƙasa. Wai duk abin da ke Jamus, ga motoci, ga asibitoci, ga jiragen ƙasa, a rasa abin da za a kawo mana sai labarin 'yan tangaɗi. Yi haƙuri ki biyo mu. Akwai wani abu a ɗakin girkinki da ke da dangantaka da mutanen nan, kullum kuma kina yi masa addu'ar kada a ɗauke wuta. Za mu iso wurin.

Bamberg ƙaramin birni ne, mutanensa kusan dubu 80, yana arewacin jihar Bavariya a yankin da ake kira Frankoniya, kogin Regnitz ya ratsa ta tsakiyarsa. Kada ka kira ɗan garin da ɗan Bavariya in kana son ku rabu lafiya. A farkon ƙarni na 19 aka haɗe su da Bavariya ba da shawararsu ba, har yau kuma ba su gama hucewa ba. Bama-baman yaƙin duniya na biyu da suka mayar da Nurembag kufai ba su yi wa Bamberg ɓarna mai yawa ba, saboda haka tsohon garin yana nan da lungunansa da gidajensa masu gungumen katako a jikin bango, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1993. A shekarar 1818 akwai gidajen dafa giya 65 a garin, alhali mutanensa ba su kai dubu 20 ba. Yanzu sun ragu zuwa goma da 'yan kai, amma ƙauyukan da ke kewaye na da wasu kusan 60. Yankin nan na Frankoniya ta Sama shi ake ambata da wurin da gidajen dafa giya suka fi cunkushewa a duniya in aka auna da yawan jama'a.

Yawon iri biyu ne. Akwai wanda za a ba ka taswira da takardun shaida, ka bi da kanka, duk gidan da ka shiga ka miƙa takarda ɗaya a cika maka kofi. Akwai kuma na ɗan jagora, wanda ya fi jan baƙi: a tara mutum goma zuwa ashirin, a yi awa biyu ko uku ana tafiya, a tsaya a gida uku ko huɗu. Wasu kan ba da ƙananan kofuna na ɗanɗano, wasu kuwa ba ruwansu da wannan ladabi, cikakken rabin lita ake dire wa kowa, wanda 'yan garin ke kira Seidla.

Na san abin da ƙanena ɗan boko zai ce, yana gyara wuyan riga: “Yaya, wannan ai shaye-shaye ne aka sa masa rigar tarihi.” Rabin gaskiya ka faɗa, ƙanena, kuma rabin da ka faɗa ɗin yana da daɗin ji. Bajamushe mutum ne da ba ya iya yin shashanci sai da jadawali. Shan giyar ma sai ya sa mata lokacin farawa da na tashi, ya naɗa mata malami, ya ɗaga kofi yana duban launinta a hasken taga kamar likita na duba hoton ƙirji, ya shinshina, ya gyaɗa kai, sannan ya kurɓa. In ka tambaye shi me yake yi, nazari zai ce maka. Amma ɗaya rabin da ka bari shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Giyar ita ce tsutsar da ke bakin ƙugiya. Abin da garin ke sayarwa a gaskiya taurin kansa ne, domin duk inda jagora ya tsayar da ayarinsa, labarin wani abu ne da duniya ta ce a daina, mutanen Bamberg suka ce ba su ji ba.

Galibi daga gada ake farawa, gaban tsohon ofishin magajin gari. Ginin nan a tsakiyar kogi yake zaune, gada ta shiga ta cikinsa ta fita. Jagora zai ba ka labarin cewa bishop ɗin garin, wanda shi ne kuma sarki a lokacin, ya hana talakawa ko taku ɗaya na fili su gina majalisarsu, sai suka kafa turaku a cikin ruwa suka yi wa kansu tsibiri. Masana tarihi na ɗaukar wannan a matsayin hikaya, amma ginin dai yana nan a ruwa tun ƙarni na 15, an zane bangonsa da hotuna, har ga ƙafar wani jaririn mala'ika ta ɓullo daga cikin zanen tana reto a waje. Daga kan gadar za a nuna maka jerin tsofaffin gidajen masunta a bakin ruwa. A saman tudu kuma ga babbar majami'a mai hasumiya huɗu, inda kabarin Sarki Heinrich na Biyu yake, wanda ya kafa masarautar bishop ɗin a 1007, da kabarin Fafaroma Clement na Biyu da ya rasu a 1047, shi kaɗai ne Fafaroman da aka binne a arewacin tsaunukan Alps. Duk wannan jagora zai zuba shi da sauri, domin ya ga idanun ayarinsa sun fara karkata zuwa wani lungu.

Lungun nan shi ne na Schlenkerla, gidan da kowane yawo ke bi ta ƙofarsa. An fara ambaton ginin a takardu tun 1405. Tun daga nesa za ka gane shi, don mutane ne tsaitsaye a titi kowa da kofin wani baƙin ruwa mai kumfa, ciki ya cika babu masaka tsinke. Daga gangar katako ake tsiyayo giyar, ba daga famfon ƙarfe ba. Abin da ke cikin kofin kuwa shi ne Rauchbier, giya mai hayaƙi, kuma a nan labarin ya fi armashi ko ga wanda ba zai kai ta baki ba.

Ga yadda abin yake. Kafin a yi giya sai an jiƙa sha'ir ya yi tsiro na 'yan kwanaki, sannan a busar da shi don a tsayar da tsiron. A ƙasar da rana ke rowa, hanya mafi sauƙi a da ita ce a shanya shi a saman wuta, hayaƙi ya ratsa shi. Saboda haka ɗanɗanon hayaƙi ba wani abin alfahari ba ne a zamanin da, abu ne da ya zama dole, kusan kowa da shi yake sha. Daga baya aka ƙirƙiro murhun da ke busar da hatsi da zafi kawai ba tare da hayaƙi ya taɓa shi ba. Daga Ingila dabarar ta bazu, ta fi arha, ta fi saurin aiki, ta rage gobara, kuma kafin ƙarni na 19 ya ƙare kusan duk masu dafa giya sun koma kanta suna hamdala. Gida biyu a Bamberg suka ƙi: Schlenkerla da Spezial, wanda shi kuma tarihinsa ke komawa 1536. Har yau da kansu suke busar da tsironsu a kan wutar itacen da Jamusawa ke kira Buche, ana cusa gungume da hannu. Ba su ƙirƙiro komai ba. Zama suka yi inda suke har duniya ta zagaya ta dawo ta same su, yanzu kuma daga Amurka da Japan ake hawa jirgi a zo kallon abin da kakannin kowa suka yar.

Wasu jagororin kan ƙara gishiri, su ce wai gobara ce ta taɓa tashi a wani gida hayaƙi ya kama hatsin, mai gidan talaka ne ba shi da halin zubarwa, ya dafa a haka, jama'a suka so. Tatsuniya ce, ƙurunƙus. Sai dai baƙo ya fi son labarin gobara a kan labarin murhu, jagora kuwa ya san mai ba shi tukuici.

Yaya ƙamshinta yake? Wannan ba sai an sha ake sani ba, hanci ba ya neman izini. Turawa kan kwatanta shi da naman alade mai hayaƙi. Mu da ba mu san wannan ba, ka ƙaddara an kwance buhun kifi banda na Baga, an jiƙa, an tace maka ruwan a kofi. Baƙi da yawa kan yatsine fuska a kurɓar farko, shi ya sa 'yan garin ke da wata magana da suke lallashin baƙo da ita, cewa kofin farko baƙo ne a harshe, na biyu ya fi, sai a na uku ake gane daɗinta. Malam, a nan kam ni da kai bakinmu ɗaya. Duk abin da sai a kofi na uku yake daɗi, ba harshe ne ya sake shawara ba, alƙalin ne ya fara gyangyaɗi a kan shari'a.

Cikin gidan ma akwai ladubba da jagora kan gargaɗi mutanensa a kai. Tebura dogaye ne na katako, ana zama da wanda ba a sani ba, ka tambaya ko akwai wuri a matsa maka. Amma akwai tebur guda mai alama a kansa, Stammtisch, na dattawan da suka shekara talatin suna zama a kujera ɗaya a rana ɗaya ta mako. Baƙon da ya zauna a nan ba za a kore shi da baki ba, kallo kawai za a bi shi da shi har ya tuna yana da uzuri a waje. In ɗan gari ya iso teburin abokansa, maimakon ya bi kowa da musafaha, sai ya ƙwanƙwasa katakon da hannu, gaisuwa ta isar wa kowa.

Daga nan sai dokar tsarkin giya, wadda babu jagoran da zai bari ta wuce shi. Duniya ta san ta 1516, wadda sarakunan Bavariya Wilhelm na Huɗu da Ludwig na Goma suka kafa a Ingolstadt ranar 23 ga Afrilu, cewa ba a sa komai a giya sai sha'ir da ruwa da hop, wato furen wata shuka mai yaɗo da ke ba ta ɗaci yana kuma hana ta saurin lalacewa. Ba a ambaci yis ba, don lokacin ba a gane aikinsa sosai ba. Ɗan Bamberg zai bari ka gama yabon wannan doka tsaf, sannan ya yi gyaran murya ya ce tasu ta girme ta da shekara 27, domin tun 1489 bishop ɗinsu Heinrich na Uku ya kafa irinta. Na ga Bakano ya matso da kujera, shi tsarki bai dame shi ba, so yake ya ji inda kuɗi ya shiga. To Alhaji, hancinka bai yi ƙarya ba. Dokar 1516 ta fi yawan magana a kan farashi, nawa za a sayar a wane lokaci na shekara. Taƙaita masu giya ga sha'ir kuma ya bar wa masu burodi alkama, kada a shanye abincin gari. Ta kuma toshe ƙofar masu zuba ganyaye da saiwoyi masu juya kai don a ce tasu ta fi ƙarfi.

Yanzu sai hawan tudu, kuma Hajiya, ga alkawarinki ya zo. Irin giyar da ake yi a yankin nan sai ta kwanta makonni a wuri mai sanyi kafin ta nuna. Babu lantarki a da, amma tuddan Bamberg na dutsen yashi ne mai laushi, tun zamanin da ake haƙa shi ana sayar da yashin don goge tukwane da daɓe. Haƙar ta bar ramuka masu tsawon kusan kilomita 12 a ƙarƙashin gari, sanyinsu ba ya gusawa daga wajen digiri 8 rani da damina. Nan masu giya suka riƙa jera gangunansu, da hunturu kuma su sassaro ƙanƙara daga tafkuna su cusa a ciki. A saman ramin suka dasa itatuwa masu inuwa don kada rana ta gasa ƙasa. Da inuwa ta samu, wani ya kawo benci, wani ya kawo tebur, sai aka ga ai wahala ce a sauko da ganga cikin gari tunda masu sha na da ƙafa. Haka lambunan shan giya na saman tudu suka samo asali, kuma har yau da bazara nan iyalai ke hawa da yamma, yara na wasa a gefe, a wurare da yawa ma an yarda mutum ya zo da abincinsa daga gida. A lokacin yaƙin duniya na biyu ramukan nan sun zama maɓoyar jama'a, har da masana'antu aka saukar ciki.

Matsalar ita ce shekarar da hunturu ya yi sanyin jiki, ƙanƙara ta yi ƙaranci, giya ta lalace. Wani ɗan Frankoniya ta Sama mai suna Carl von Linde, wanda aka haifa a 1842 ya kuma zama malamin injiniya a Munik, shi ya duƙufa a kan na'urar da za ta samar da sanyi ba tare da jiran Allah ya kawo hunturu ba. Gidan giyar Spaten na Munik ne ya zuba kuɗi a gwajin, a can aka kafa na'urorinsa na farko a shekarun 1870, masu dafa giya ne kuma suka zama manyan masu sayensu. Ba shi kaɗai ya haifi firij ba, amma na'urarsa na cikin kakanninsa na kusa. Saboda haka, Hajiya, zoɓon nan da kike ƙullawa a leda ya yi ƙanƙara a kai makaranta a sayar, ki san da wa kuka haɗa kaka. Ban ce ki fitar da firij ɗin waje ba. In kuwa kin yanke shawarar haka, ki sanar da ni ranar.

Ƙanena ɗan boko, kai ma ga naka. A wani ɗan fili cikin tsohon gari akwai gidan da Hegel ya zauna, masanin falsafar nan da kake ambata don a san ka yi jami'a. A 1807 ya zo Bamberg neman abin kai wa baki, ya zama editan jaridar garin, a shekarar kuma aka buga babban littafinsa na farko a nan. Jagora kan nuna gidan bayan an tsaya a mashaya biyu, lokacin da babu mai iya bin bayanin. Babu asara, waɗanda suka karanta littafin da idonsu garau ma ba su fi su fahimta ba.

Akwai wurin da raha ke tsayawa, kuma da shi nake auna jagora. Tsakanin 1626 da 1631, a zamanin Bishop Johann Georg Fuchs von Dornheim, Bamberg ta ƙone ɗaruruwan 'ya'yanta da zargin maita. Sanyi ne ya kashe amfanin gona a 1626, aka shiga neman wanda za a ɗora wa. An gina kurkuku na musamman don azabtar da waɗanda ake zargi, ana matsa wa kowa sai ya ambaci wasu, dukiyar wanda aka kashe kuma a ƙwace. Har magajin gari, Johannes Junius, bai tsira ba. An kashe shi a 1628, bayan ya rubuta wasiƙa a ɓoye zuwa ga 'yarsa yana shaida mata cewa azaba ce ta sa shi amsa laifin da bai yi ba. Jagoran kirki kan faɗi wannan tun ayari na cikin hayyacinsa. Na banza kan tsallake shi, kada ya ɓata wa masu biki rai.

Labarin da ya fi tashin dariya a teburi shi ne na yaƙin giya na 1907. A watan Oktoba masu dafa giya na garin suka haɗa baki suka ƙara fenik ɗaya tak a kan rabin lita, fenik kuwa shi ne ƙaramin kuɗinsu na lokacin. Mutanen gari suka ce ba a isa ba. Suka ƙaurace wa giyar garinsu, wasu masu mashaya suka aika aka riƙa jigilo ta daga Forchheim, wani gari da ke kudu da su. Wajen mako guda aka yi, masu dafawa suka ga ganguna na kallonsu, suka janye ƙarin. Ba a fasa kan kowa ba. Ku da kuke dariya, a shekarar nan sau nawa aka ƙara muku kuɗin buhun shinkafa, kuma kwana nawa kuka yi kuna ƙauracewa?

Alhaji Bakano yana ta lissafi da yatsu, bari in taimaka masa. Ɗan jagora ya samu, mai mashaya ya samu, mai burodi da mahauci da mai masauki sun samu. Tun da aka kammala mashigin ruwan da ya haɗa kogin Main da Danube a 1992, wanda daga Bamberg ya fara, jiragen ruwa na 'yan yawon shaƙatawa ke sauke baƙi a garin. Bayan wannan akwai cinikin da baƙo ba ya gani. Kamfanin Weyermann, da aka kafa a 1879, yana sayar da busasshen tsiron hatsi ga ƙasashe sama da 100 daga wani jan gini kusa da tashar jirgin ƙasa. Kamfanin Kaspar Schulz kuma, wanda ya faro daga maƙerar tagulla a 1677, tukwanen dafa giya yake ƙerawa yana aikawa duniya. Garin da bai kai wata unguwar Kano yawan jama'a ba ke nan.

Malam ya ɗaga yatsa, kuma ya cancanci a saurare shi: ina ɓarnar? Tana nan, ba a ɓoye take ba. Mazauna unguwar Sandstrasse, inda mashayu suka yi layi, sun daɗe suna kuka da hayaniyar dare, da fasassun kwalabe, da samarin da ke zuwa rakiyar ango su mayar da ƙofar gidan mutane makewayi. Har ta kai hukumar gari ta taɓa hana shan giya da dare a kan ɗaya daga cikin gadojin tsakiyar gari. Doka a Jamus ta yarda ɗan shekara 16 ya sayi giya, likitocinsu kuma ba su daina ƙorafi a kan dubban rayukan da barasa ke ci duk shekara ba. Su kansu Jamusawan suna ja da baya. A tsakiyar shekarun 1970 abin da ke faɗawa kan kowane mutum a shekara ya kai wajen lita 150, yanzu ya sauko ƙasa da 90, ƙananan gidajen dafawa na ƙauye kuma suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake jan baƙi da yawon ƙafa. Ɗan gida ya rage sha, dole a nemo na waje a sayar masa da labari.

To wanda ƙaddara ta kai shi Bamberg, ɗalibi ko ɗan kasuwa, kuma ba ya sha, yaya zai yi? Malam zai ce zama a teburin da ake sha ma akwai magana a kansa, kuma gaskiyarsa, wannan fage nasa ne ba nawa ba. Titi dai na kowa ne, gada da majami'a da tuddai ba sa tambayar me ka sha, akwai kuma yawon jagora na tarihi zalla wanda ba ya leƙa mashaya. Wanda abokan karatu ko na aiki suka ja shi ciki, ga tarkunan da zai kiyaye. Abin da ya fi aminci shi ne Apfelschorle, ruwan tuffa da aka sirka da ruwan soda. Radler na kama da lemo amma rabinsa giya ne. Kwalbar da aka rubuta wa alkoholfrei dokarsu ta yarda ta ƙunshi barasa har rabin kashi ɗaya cikin ɗari, sai wadda aka rubuta wa 0,0 ce ake nufin babu ko ɗigo. A sauran Jamus in ka nemi Spezi lemon kola da lemu za a kawo maka, amma a Bamberg haka 'yan gari ke kiran gidan Spezial da giyarsa, don haka ka faɗi abin da kake so dalla-dalla. Abinci kuwa, mafi shaharar abin da ake ci a gidajen nan kafaɗar alade ce, albasar nan tasu da ake cusa wa nama ma yawanci alade ne a cikinta. Cukun da ake kwaɓawa a ci da burodi wani lokaci da giya ake kwaɓa shi. Akwai soyayyen kifin tafki daga Satumba zuwa Afrilu, amma ka tambayi da wane mai aka soya da abin da aka sa a ƙullin. In duk ka gaji da tambaya, ka tsallaka kogi zuwa unguwar masu lambu, inda har yau ake noman albasa da kayan miya a bayan gidaje a tsakiyar birni. Wannan unguwa ma tana cikin abin da UNESCO ta karrama, ko da yake ba a cika kai masu kofi can ba.

Saura kai, Alhaji babba, da tun ɗazu kake cewa ko kyauta aka ba ka tikiti ba za ka je ba saboda tsoron Allah. Allah ya ƙara taƙawa. Sai dai ni na san wani dalilin da ba ka faɗa ba. A kan tuddai bakwai aka gina Bamberg, titunanta daɓen duwatsu ne masu gurɗa ƙafa, yawancin lungunan kuma mota ba ta shiga. Gidan tarihin sana'ar giya ma a can saman tudun Michaelsberg yake, cikin tsohon gidan 'yan zuhudun Kirista da aka kafa a 1015, kuma da ƙafa ake hawa. Kai kuwa masallacin bayan layi sai an fito maka da mota. Mu yi sharaɗi: ka naɗe babbar riga a kafaɗa mu kama hawan tare, in ka kai sama ba ka nemi wurin zama ba, kuɗin ruwan tuffarka a wuyana.